Kwamfutata ta cika, C ya yi ja: me zan goge ban yi ɓarna ba?

Maman_Yan_Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana kwamfuta ku taimaka min, kaina ya ɗau zafi. Laftof ɗita 'yar Beljiyam ce, Windows 10 ke kanta, shekara biyu ke nan ina aiki da ita lafiya lau. Yanzu in na buɗe This PC, layin nan da ke ƙarƙashin C, wato babban ma'ajin kwamfutar, ya koma ja wur, wai saura giga 1.8 cikin 118. Jiya da daddare ina tsakiyar babi na huɗu na furojet ɗina, Word ya ce ba wurin da zai ajiye aikin. Na zauna na goge hotuna sun kai ɗari uku, amma ko gezau. Ƙanin maigidana ya ce ba abin da zai yi mata magani sai fomatin, wato a goge komai a sake sa Windows, ni kuma da na ji kalmar nan gabana faɗuwa yake, don duk wahalar shekara ɗaya tana ciki. Sannan mai shagon da ya sayar min ya ce 128 ce, ga shi 118 nake gani. Ko dai tun farko an cuce ni ne?

Bakatsine_01: Wa alaikumus salam. Hajiya, hotunan da kika goge, kin je kwandon shara kin zubar da su kuwa? Recycle Bin nake nufi.

Maman_Yan_Biyu: Innalillahi! Wallahi ban je ba. Yanzu na duba, duk ga su nan a jibge. Na zubar, ta koma 2.7.

Bakatsine_01: Kin share ɗaki kin tara sharar a bayan ƙofa ke nan. To kin ga an fara.

Injiniyan_Titin_Beirut: Hajiya ki kwantar da hankalinki, ba wanda ya cuce ki a kan maganar 128. Masu ƙera ma'ajin suna ƙirga giga ɗaya da dubu-dubu, ita kuma Windows da 1024 take lissafi. Shi ya sa 128 take fitowa wajen 119, 256 ta fito 238, 500 ta fito 465, tera ɗaya kuma 931. Ɗan abin da ya rage Windows ce ta yanke don ɓangarorin da take ɓoyewa na tayar da kwamfuta da gyaran kanta. Jan layin kuma yana fitowa ne da zarar abin da ya saura ya gaza kashi 10 cikin ɗari, wato ke sai kin wuce giga 11 da wani abu zai koma shuɗi.

Kafin ki taɓa komai, ki kwafi foldar furojet ɗinki a filashi, ki kuma tura wa kanki ta imel. Bayan nan ki danna Start ki rubuta Disk Cleanup, ki zaɓi C. In ta buɗe kada ki tsaya a shafin farko, akwai maɓalli a ƙasa mai suna Clean up system files, shi ne mai nama. A nan za ki ga Windows Update Cleanup, da Delivery Optimization Files, wani lokacin har da Previous Windows installation. Ki sa musu alama ki bar ta ta yi aikinta. Takan daɗe, har ki zaci ta maƙale. Ki sa ta a caji ki tafi girkinki.

Dan_Birni_Sak: Duk wannan dogon Turanci ne. A yi mata fomatin kawai a huta. Ni duk wata shida nake wanke tawa, tana tashi kamar sabuwa.

Injiniyan_Titin_Beirut: @Dan_Birni_Sak, ana rushe gida don ɗaki ya cika da kaya? Ka wanke, ka sake sauke Office, ka sake neman direbobi (ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta aiki), ka ƙona data, bayan wata uku ka dawo inda kake, don ba ka san abin da ya cinye wurin ba tun farko. Kuma duk sati sai an kawo min wanda aka yi wa fomatin yana kuka. In ma'ajin SSD ne, wato sabon nau'in da ba ya juyawa, abin da aka goge da wuya ya dawo, ba kamar tsohon faifai mai juyawa ba da ake iya tono wasu abubuwan da manhajar Recuva.

Dan_Birni_Sak: Injiniya, ai ku dama kun fi son a riƙa kawo muku ana biya.

Injiniyan_Titin_Beirut: Ɗan'uwa, a fomatin ɗin ma na fi samun kuɗi. Abin da na rubuta mata a sama kyauta ne.

Shegen_Kaya99: Anti ki shiga C, ki shiga Windows, ki goge System32, nan take za ki samu fili 😂

Admin_Zaure: @Maman_Yan_Biyu kada ki kuskura, zolaya yake. Foldar nan ita ce ran Windows ɗin. @Shegen_Kaya99 wannan gargaɗi na farko ne. Akwai masu karanta mu da ba su san wasa kake ba.

Dan_Maradi: Salamu alaikum. Mu nan Nijar mafi yawan injinanmu da Faransanci suke, to don waɗanda ke biye da zancen daga wajenmu: abin da Injiniya ya kira Disk Cleanup shi ne Nettoyage de disque, kwandon shara shi ne Corbeille, giga kuma Go ake rubuta shi, ba GB ba. Na taɓa wahala ƙwarai ina biɗar sunayen da 'yan Najeriya ke faɗi ban gan su ba cikin tawa.

Yar_Samaru: Ni dai shawarata, a daina lalube cikin duhu. Anti ki sauke WizTree ko WinDirStat, duka kyauta ne kuma ba su da nauyi. Za su zana miki duk abin da ke cikin C kamar fulotai, babban fayil babban fili. A nan ido zai gane miki ɓarawon. Ni lokacin da tawa ta cika na rantse hotuna ne, ashe foldar Telegram Desktop ce a cikin Downloads. Duk bidiyon lakca da 'yan ajinmu ke turawa a guruf tana saukewa da kanta ban sani ba, har giga 14. Hoto ai ba ya cin wuri sosai, ɗari uku da kika goge kin ga ko giga ɗaya ba su cika ba. Bidiyo ne mugu.

Maman_Yan_Biyu: Na dawo. Injiniya Allah ya saka da alheri, ta ɗau kusan minti arba'in amma ta ba ni giga 6.4, yanzu ina da 9.1. Layin dai har yanzu ja ne. @Yar_Samaru ƙanwata na sauke WizTree ɗin. Telegram ɗina ma ya ci giga 8. Akwai bidiyon bikin ƙanwata giga 19. Sai wata folda da ban taɓa gani ba, MobileSync, ita kaɗai giga 31! Mene ne wannan kuma? Bairos ne? Sai wasu biyu, hiberfil.sys da pagefile.sys, su ma manya ne.

Injiniyan_Titin_Beirut: Ba bairos ba ne. A gidanku wa ke da iPhone? Wannan foldar ita ce inda iTunes, manhajar Apple, ke ajiye kwafin duk abin da ke cikin wayar in an jona ta da kwamfuta. Takan zauna a AppData, cikin Roaming, cikin Apple Computer, kuma AppData a ɓoye take, shi ya sa ba ki taɓa cin karo da ita ba.

Maman_Yan_Biyu: La haula! Mutum ɗaya ne mai iPhone a gidan nan, ƙanin maigidana. Ya ari laftof ɗin da azumi ya ce zai yi wani aiki.

Bakatsine_01: Wato mai cewa a yi fomatin shi ne ya cika ta? 😂😂 Ɓarawo ne ke taya neman akuya.

Yar_Samaru: Da an bi shawararsa ma da ya wanke kayansa da hannunsa.

Injiniyan_Titin_Beirut: Ku bar dariya tukuna. Hajiya kada ki goge sai kin tambaye shi. Wataƙila ya canja waya, wannan ne kaɗai kwafin da ya rage masa. In ya ce yana so, a kwafe foldar gaba ɗaya zuwa wani ma'ajin, don fayilolin ciki ba a tsintar su ɗaya-ɗaya, sunayensu lambobi ne da haruffa barkatai.

Su kuma biyun da kika ambata: pagefile.sys ki bar shi, shi ne inda Windows ke sauke kaya in RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da ke buɗe a ciki, ya cika. Shi kuwa hiberfil.sys na Hibernate ne, wato yanayin da kwamfuta ke ajiye aikin da ke buɗe kafin ta mutu, yakan ci wajen kashi 40 cikin ɗari na girman RAM, in naki giga 8 ne za ki gan shi wajen giga 3 da ɗoriya. Ana kashe shi ta buɗe Command Prompt a matsayin administireta a rubuta powercfg /h off, fayil ɗin zai ɓace da kansa.

Malam_Mai_Lissafi: Injiniya a nan kam ban bi ka ba. Baiwar Allah nan ta ce kwamfutar 'yar Beljiyam ce, ka san yadda batirinsu yake. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, Hibernate shi ne gatan mai rubutu. Tawa in batir ya kusa mutuwa sai ta kwashe duk abin da na buɗe ta ajiye ta kwanta, in wuta ta dawo na tarar da aikina inda na bar shi. Saboda giga 3 a ce ta rasa babi guda? Ga giga 31 can zaune na wani.

Injiniyan_Titin_Beirut: Malam ka yi gaskiya, na karɓi gyara. Bayanin abin da yake na yi, ban ce lallai ta kashe ba. Kuma in an kashe shi Fast Startup, mai sa kwamfuta tashi da sauri, ma yana tafiya tare da shi. Hajiya ki bar shi.

Coder_Na_Kaduna: Tun da ana maganar manyan foldoji, wani zai ga WinSxS, wata foldar Windows ce, a WizTree ya ce ya samu nama. Kada a taɓa ta da hannu. Girman da take nunawa ma ba duka ne na gaskiya ba, fayiloli da yawa a cikinta mahaɗa ce kawai zuwa waɗanda ke wani wurin, sai a ƙirga su sau biyu. Mai son rage ta ya yi amfani da Dism.exe /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup, ko ya bar Disk Cleanup ta yi, kusan aiki ɗaya ne. Haka Windows.old, in ka sabunta Windows takan zauna kwana 10 don ko za ka so komawa tsohuwar, daga nan ta tafi da kanta.

Hajjo_Mai_Turare: Ni fa ban gane komai a abin da yaron nan ya rubuta ba, amma ina biye da ku. Tawa ma ta yi ja.

Mai_Hoto_Jos: Maganar bidiyon biki giga 19 ce ta tsayar da ni. Na san abin da za a ce mata: sayi had dis na waje ki kwashe. Bari in ba ku labarina. Sana'ata ɗaukar biki da suna. Kwamfutata ta cika, na sayi na waje mai tera ɗaya, na kwashe aikin kusan shekara biyu na zuba, na goge na cikin kwamfutar, ina ta murna ta yi sauƙi. Wata rana ina kwafar aiki, yarona ɗan shekara uku ya ja wayar, abin ya faɗo daga kan tebur yana cikin juyawa. Da na sake jonawa sai ƙas, ƙas, ƙas kawai yake yi. Akwai bikin da ban riga na miƙa wa masu shi ba. Ranar da uwar amarya ta zo karɓa, na rasa bakin magana, gumi kawai nake a cikin sanyin Jos. Na mayar da kuɗi, amma biki ai ba a sake shi. Har yau in na hango matar a hanya sai na canja layi.

Abin da ke wuri ɗaya tak, ko a ciki ko a waje, a bakin rijiya yake. In kin kwashe bidiyon nan, ki tabbata ita amaryar ma tana da nata kwafin kafin ki goge na kwamfutar.

Maman_Yan_Biyu: Subhanallah, Allah ya mayar maka da alheri. Kuma ka san wani abu? Ina jin nawa ne kaɗai ya rage, nata ya tafi da wayarta da aka sace.

Dan_Birni_Sak: To a ɗora a Google Drive mana, magana ta ƙare.

Yar_Samaru: Da wace datar? Kuma kyautar Google giga 15 ce, a cikinta Gmail da Google Photos suke ci. OneDrive giga 5 ne. Bidiyon ya fi ƙarfin kowannensu. Furojet dai da takardu, e, wannan ya kamata a ce suna can tun jiya.

Coder_Na_Kaduna: Ana iya matse bidiyon da manhajar HandBrake, kyauta ce. Masu ɗaukar biki sukan ba da fayil ɗanye mai nauyin tsiya. In aka rage ingancin hotonsa zuwa 720p zai ragu sosai, a waya ma ba za a ga bambanci ba. Sai dai a ƙaramar laftof zai ɗau sa'o'i, fanka na ihu.

Mai_Hoto_Jos: Ɗanye mai nauyin tsiya? Ranka ya daɗe, wannan nauyin shi ne ingancin. Ka matse yau, shekara goma masu zuwa a saka a babbar talabijin fuskar amarya ta zama kamar an shafa mata kunu. A matse na kallo a waya, a ajiye na asali.

Ummu_Sumayya_Gombe: Ni abin da ya sa ba na son ɗora irin wannan a intanet, bikin mata ne, kowa ba mayafi. Haka kuma ina jan kunnen mata kan kai kwamfuta shagon gyara da hotuna a ciki. Wata ƙawata ta kai tata a rage mata kaya, yaron shagon ya ce zai kwashe a nasa had dis ɗin ya mayar mata, to wa ya san ko ya goge nasa kwafin? In za a yi, a yi a gabanki.

Injiniyan_Titin_Beirut: Wannan gaskiya ne, kuma ba na jin haushin a faɗa. Mai gyaran kirki ba zai hana ki zama kusa da shi ba.

Zango_Kumasi: Ni na ga filashi mai tera 2 a intanet da araha sosai, kuɗinsa bai kai na mai giga 64 a shago ba. Ba shi ke nan an huta ba?

Bakatsine_01: Ɗan'uwa araha ba ta ado. Na saya a hannun wani mai talla a tasha. Kwamfuta tana nuna tera 2 ɗin ƙiri-ƙiri, amma cikinsa bai fi giga 8 ba, an yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara ne ta riƙa faɗin ƙarya. Kana zuba kaya yana karɓa, na baya yana taka na gaba. Sunayen fayil duk suna nan, ka buɗe ba komai. Duk filashin da ka saya ka gwada shi da H2testw kafin ka amince masa, tana cika shi ne ta karanta ta gaya maka gaskiyar abin da yake ɗauka.

Hajjo_Mai_Turare: Jikana ya sa min wani abu wai shi CCleaner, ya ce shi ke share komai. Yana da kyau?

Coder_Na_Kaduna: Hajiya yana share tarkacen burauza da fayilolin wucin gadi, amma Windows ma tana yin wannan da kanta. Ki shiga Settings, System, Storage, ki kunna Storage Sense. Abu ɗaya: in kin shiga Temporary files a wurin, za ki ga Downloads a jerin, kada ki sa masa alama in kin san a nan kike tara kayanki. Mutane da yawa sun yi kuka a kan wannan. Ni ban cika son manhajojin shara ba. A 2017 ma masu kutse sun cusa mugun abu a cikin CCleaner 5.33, mutane sama da miliyan biyu suka sauke. An gyara tun tuni, amma dai. Ɓangaren da ke cewa zai share registry, wato rajistar saitunan Windows, kuwa ba ya ƙara miki fili ko na hoto ɗaya.

Dan_Birni_Sak: A yi difragment ma, yana ƙara wuri.

Malam_Mai_Lissafi: Ba ya ƙarawa. Jera kaya yake yi, ba ya zubar da ko ɗaya. Kuma SSD ba ta buƙatarsa.

Baba_Tsohon_Hedimasta: 'Ya'yana ina da tambaya, ko da ta ɗan kauce. Tawa abin da ya cika ta karatun tafsiri ne na azumi, shekara da shekaru, wasu ma sau biyu sau uku na kwafa daga wayoyi daban-daban. Hannuna ba ya iya danna gogewa a kan karatu. Yaya zan yi?

Ummu_Sumayya_Gombe: Baba, hukuncin dai a bar wa malamai. Amma waɗanda suka maimaitu ai ko an cire biyu ɗaya yana nan, karatun bai tafi ko'ina ba. Ka sa jika ya jera su bisa girma, masu suna ɗaya da nauyi ɗaya za su fito kusa da juna.

Baba_Tsohon_Hedimasta: Allah ya yi miki albarka. Jikan ne dai sai an yi sa'a ake ganinsa.

Dalibi_Mai_32GB: Ku kuna kukan 128. Tawa giga 32 ce gaba ɗaya, irin ƙananan nan da ma'ajin ke manne da allon ciki, ba a canja shi. Windows kaɗai ta cinye fiye da rabi, ko sabuntawa ba ta iya yi.

Coder_Na_Kaduna: Kai naka ciwon daban ne. Gwada compact.exe /compactos:always, tana matse fayilolin Windows ɗin ka samu kamar giga biyu. Ka sa katin memori ka mayar da Documents da Downloads can, ta Properties sannan Location. In ka gaji, ka sa Linux Mint a madadin Windows. Windows 11 ma giga 64 take nema kafin ta hau, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

Injiniyan_Titin_Beirut: Wannan ya dawo da mu kan Hajiya. Gaskiyar magana 128 ta yi kaɗan a zamanin nan, Windows da Office da sabuntawa sun ci kusan kashi ɗaya cikin uku kafin ki ajiye komai naki. In an gama furojet, a duba ko tata tana karɓar canji a sa mata 256 ko 512. Ana iya kwafe tsohon gaba ɗaya zuwa sabon ba tare da an rasa komai ba.

Yar_Samaru: Ko an sa 512 cika za ta yi in dai ana ba da aro 😄

Maman_Yan_Biyu: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana: na tura furojet ɗin imel ɗina, na kuma sa a filashi. Na rage bidiyon Telegram na kashe saukewa da kai, yanzu ina da giga 14.3, layin ya koma shuɗi, Word ya ci gaba da ajiya. Bidiyon biki na bar shi inda yake, labarin Mai_Hoto ya tsorata ni. Shi kuma mutumin naku mai iPhone na tambaye shi, ya ce don Allah kada in taɓa, hotunan hidimar ƙasarsa duk suna ciki, zai kawo had dis ran Asabar.

Bakatsine_01: Wace Asabar ɗin dai? Ki tambaye shi ta wane wata.

Hajjo_Mai_Turare: Ni kuma na kunna abin da yaron nan ya ce, Storage ɗin, tana nuna min wai Apps giga 52. Ni da ban san na sa komai ba. Akwai wani mai hoton ɗan ƙwallo a jiki, shi kaɗai giga 40. In goge, ko shi ma na Windows ne?